Tabo Biyu a Singiletin Ado Masinja

Ku gyara zama, wannan ba tatsuniya ba ce, a layinmu aka yi shi, Ƙofar Marusa, kuma mai labarin da kansa ya ce in faɗa ko wani ya amfana.

Kafin Ado ya zama Ado Masinja, Ado Mai-gaisuwa ake ce masa. Faci yake yi a gindin wata dalbejiya, tayar keke da ta babur. In kana sauri kada ka bi ta gabansa. Zai tambaye ka kwana, da gajiya, da iyali, da jikin tsohuwa, da akuyar nan da ta haihu watan jiya. Ko a kan keke yake, hannu ɗaya ne a kan kambu, ɗayan yana sama, dama da hagu, har ya ƙure layi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, wani kansila da Ado ya daɗe yana yi wa faci ya samo masa aikin masinja a Batagarawa. Aka ba shi kaki mai aljihu biyu. Kullum da safe ya hau kekensa ya nufi kudu, la'asar sakaliya ya dawo. Muka yi ta murna, ashe murnar ba mai daɗewa ba ce.

Malam Shehu mai shayi ne ya fara kawo ƙara majalisa. Ya ce Ado ya wuce ta gefen teburinsa, kamu biyu tsakaninsu, ya ɗaga masa hannu, Ado ko kallo.

"Wane Adon?" in ji mu.

"Adon da kuka sani mana! Ai tunda ya sa kakin ga shi kenan, ya zama ciyaman. Mu 'yan shayi mi za mu ba shi?"

Ba mu yarda ba sai da ta faɗa kan kowa. Ni ma ranar wata Juma'a, muna fitowa daga masallaci ta wajen Gobarau, ya bi ta damata kamar bai taɓa ganina ba. Abin da ya fi ba mu haushi, in ka tare shi gaba da gaba sai ya washe baki ya kama gaisuwar nan tasa kamar da. Muka ce to, munafunci ma ya koya a ofis. Sau biyu yana kaɗe akuya da keke, sau ɗaya ya afka kwata, muka ce alhakinmu ne.

Namu na waje wasa ne, abin yana cikin gida. Matarsa Fiddausi, shekararsu tara da aure, ɗansu ɗaya, Usman. Mutanen da ake jiyo dariyarsu ta kan katanga, sai gidan ya yi tsit. Ado ya ɗauke tabarmarsa ya koma zaure, wai zafi. Damina ta zo, sanyi ya zo, yana zaure. Bai zage ta ba, bai rage mata cefane ba, sai dai ko hannunta ya daina riƙewa. Ta yi lalle, ta yi turaren wuta, ta yi kitso sau uku a wata guda. Ya dube ta ya ce, "Sannu da aiki," kamar yana gaida mai share ofis.

Shi ma bai zauna ba. Ya sha saiwoyin da masu maganin maza ke tallatawa da lasifika ranar kasuwa, ya sha rubutu, wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya saboda ciwon kan da ya ƙi barinsa. Ba abin da ya motsa.

Da abin ya haura shekara, Fiddausi ta faɗa wa wanta Haruna, mahauci, mutum mai zafin kai. Haruna ya ja ta sai gaban alƙali. Alƙali ya tambayi Ado ko gaskiya ne ba ya kusantar iyalinsa. Ado ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne. Aka ce mene ne dalili, ya ce bai sani ba. Alƙali ya ba shi wa'adin shekara guda ya nemi magani, in ta cika ba canji a raba auren. Aka rubuta rana, mako biyu bayan babbar Sallah.

Wata bakwai suka shuɗe a haka. Wata safiya Ado ya makara, ya fita a gaggauce. Ya daɗe da hana Fiddausi wanke masa kayan ciki, da kansa yake yi. Ranar sai ya manta singileti a ƙarƙashin tabarma. Ta ɗauko za ta jefa a bokiti, sai ta ji wani wari da duk macen da ta taɓa goyo ta sani. Ta duba, ga tabo ya bushe ya yi ɗauri. Nono ne. Usman kuwa shekararsa bakwai, yana aji biyu.

Ko takalmi ba ta sa ba ta faɗa gidan da ke jikin nasu, wajen Sista Lidiya. Ita Lidiya, da ake kira Maman Joshua, mutuniyar Kafanchan ce, nas ce a ɗakin haihuwa, mijinta Markus ma'aikacin ruwa. Shekara goma suna haya a layin, rabin yaran unguwa a hannunta suka faɗo.

"Maman Joshua, ki shaida! Ki sansana abin ga ki gaya mani mi ne ne."

Lidiya ta ajiye tsintsiya ta karɓa. "Nono ne. Na wa?"

"Ni ma shi nake tambaya! Ashe wata ya aje a Batagarawa, har da jinjiri. Ni ina nan ina ƙona turare kamar mai korar sauro, shi yana can yana rungumar mai jego. Wallahi ba zan jira Sallah ba, gobe Yaya Haruna zai kai rigar ga kotu."

"Tsaya, Maman Usman. Zauna tukun."

Lidiya ta shimfiɗa singiletin a kan turmi, ta juya shi ciki waje, ta sake juyawa. Ta daɗe tana kallo.

"In mace ce ta jingina da shi, ta waje zai ɓaci. Kin ga nan? Ta ciki ya fi kauri. Kuma guda biyu ne, ɗaya nan, ɗaya nan." Ta ɗaga rigar ta kara a ƙirjinta. Tabon nan biyu suka zauna daidai inda kuke zato.

Fiddausi ta zauna daɓas a ƙasa. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maman Joshua, namiji ne hwa! Namiji!"

Da la'asar Ado ya jingine keke, ya tarar da mata biyu a zaurensa da singileti a tsakaninsu. Ya zauna a dakali, ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Can ya ɓalle maɓallan kakin. Ashe wani tsohon ɗankwalin Fiddausi da ta daɗe tana nema ne ya ɗaure ƙirjinsa da shi tamau, ɗankwalin a jiƙe.

"Wata goma sha ɗaya ke nan," in ji shi. "Na ce ko jifa aka yi mani don aikin ga da na samu. Gemuna ma ya daina tohowa kamar da. Sista, mace nake komawa? In mutanen layin ga suka ji, ina zan sa kaina? Gara a ce na saki mata da a ce Ado na shayarwa."

"Malam, shi ne ba ka gaya mani ba?" in ji Fiddausi.

"In ce maki mi?"

Lidiya ba ta biye wa kukansu ba. Ta ce ya dubi hancinta kada ya motsa ido. Ta miƙa hannu can gefen kunnensa tana kaɗa yatsu.

"Yatsu nawa?"

"Wane yatsu?"

Ta matso da hannun a hankali. Sai da ya zo kusan gaban fuskarsa ya ce, "Uku." Ta gwada ɗaya gefen, haka. Fiddausi ta tsaya a damansa, ɗan taku biyu, ta ɗaga masa hannu. Bai san tana wurin ba.

Lidiya ta ce, "Baban Usman, tun yaushe kake tuƙa keke a haka? Kai da Allah ya tsare! Wannan ba jifa ba ne, a kai yake. Na taɓa gani sau ɗaya muna makaranta. Jibi Markus zai raka ku Zariya."

A asibitin koyarwa aka ɗebi jininsa, aka ɗauki hoton kansa, aka ce su dawo bayan mako biyu. Da suka koma, likitan, wani dattijo mai furfura a gira, ya zana musu kai a bayan takarda. Ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan idanu. Ya ce akwai wata 'yar tsoka a nan, ba ta fi ƙwayar wake ba, amma ita ke aika saƙo cikin jini zuwa sassan jiki, ta ce wannan ya yi aiki, wancan ya dakata.

"Kai ba masinja ba ne? To ita ma ofis ce mai aika takardu. Taka ta yi ƙari, ta kumbura. Takarda ɗaya take ta aikawa ba dare ba rana, irin wadda ake aika wa mace in ta haihu, mai cewa a kawo nono. Wannan saƙon kuwa in ya yi yawa, yana danne wanda ke tayar da sha'awa, ga mace ga namiji. Kumburin kuma ya taɓo jijiyoyin ido a inda suka gitta juna, shi ya sa ba ka ganin gefe."

Ado ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Likita, kana nufin abin ga duk a kai yake? Ni da nake ta shan saiwa don ƙasa?"

"Daga sama ake ba da izini, Malam Ado."

Fiddausi ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi tambaya da ƙaramar murya. "Likita, wato ba ƙina yake ba?"

"Wannan shi za ki tambaya, ba ya fitowa a gwajin jini. Amma ke kin yi goyo, ko? Lokacin da kike shayarwa, yaya kike ji in maigida ya matso?"

Ta ƙara jan mayafi. Daga baya ta ce a motar dawowa, tun daga Zariya har Funtuwa, ba abin da take tunawa sai goyon Usman. Wata ashirin da biyu tana shayarwa, ko inuwar Ado ba ta son gani a bakin ƙofa, ta rasa dalili, har kuka ta sha yi a ɓoye tana zaton ta daina son mijinta. Shi kuwa bai kai ta ƙara wurin kowa ba. Kunun kanwa yake sayo mata, ya ajiye, ya koma zaure.

Aka ɗora shi a kan wasu 'yan ƙwayoyi. Makon farko sun wahalar da shi, jiri da tashin zuciya, sai da tuwo a ciki yake iya sha. Cikin wata guda ɗankwali ya koma kan mai shi. Ciwon kai ya lafa. Wata safiya yana wucewa sai ya ja birki ya juyo: "Malam Shehu! Ina kwana? Ina gajiya? Ya jikin tsohuwa?" Shehu ya saki ludayi cikin tukunyar shayi. Da Ado ya zauna ya ba majalisa labarin idonsa, ido kawai, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Shekara biyu muna zagin makaho.

Sauran abin kuwa bai yi saurin dawowa ba. Likita ya ce a yi haƙuri, jiki ba rediyo ba ne da za a murɗa ya kama. Sallah ta zo ta wuce, ranar kotu ta cika, Ado yana zaure har yanzu.

Haruna ya zo da shirinsa. Alƙali ya buɗe littafi ya tambayi Ado ko an samu canji. Ado ba ya ƙarya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ana dai shan magani, amma tukuna." Haruna ya ce to a cika hukunci, ƙanwarsa ba gwauruwa ba ce da za ta zauna gadin gida.

Alƙali ya juya wajen Fiddausi. "Ke mai ƙara, wa'adi ya cika. Haƙƙinki ne. Me kika ce?"

"Allah gafarta Malam, na janye."

"Kin mi?" Haruna ya miƙe tsaye. "Ke Fiddausi, asiri ya yi maki? Ba ke kika zo kina kuka ba?"

"Ni ce, Yaya. Lokacin ban san ciwo ba ne." Ta dubi ƙasa. "Da nake goyo haƙurin wata ashirin da biyu ya yi mani, bai kai ni gaban kowa ba. Ni sha biyu kawai na yi mashi na kawo shi nan. Da saura goma."

Alƙali ya cire tabarau ya dube ta, ya dubi Ado, ya ce shekararsa ashirin a kan kujerar nan bai taɓa jin irin wannan lissafi ba. Ya rufe littafi. Haruna ya fita yana faɗa shi kaɗai, ya yi wata biyu ba ya taka gidan.

Ba a kai ga cika goman ba. Mu dai abin da muka gani, wata rana tabarmar zaure tana shanye a kan katanga, kuma ba ta koma ba. Shekara ta zagayo aka raɗa sunan 'ya mace, Lidiya ce ta karɓi haihuwar, Haruna ne ya yanka ragon, yana fiɗa yana cewa shi dama ya san za a daidaita.

Ado ya yi ritaya yanzu, yana shan ƙwayarsa har yau. Idon dama ya warke sarai, na hagu bai gama dawowa ba. Shi ya sa in kuka gan shi a layi yana tafe yana juya kai dama da hagu kamar fanka, kada ku yi mamaki, tsoro yake kada ya wuce wani bai gaishe shi ba. In kuwa ya gan ka, to ka nemi wurin zama.