Muryar Lai'atu a Bakin Wata

Lai'atu Hezekiya tela ce a unguwar Rikkos da ke Jos. Duk wanda ya san ta yanzu da keken ɗinki ya san ta, da kuma bakin nan nata da ba ya tauna gaskiya. Kaɗan ne suka san cewa shekara goma sha biyar baya, lokacin da harkar fim ɗin Hausa ke tashe a Jos, muryarta ta shiga gidajen da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba.

A cikin mawaƙan coci ta taso. Can ne wani Bayerabe haifaffen Jos mai suna Kazeem ya ji ta, ranar da aka ɗauko shi gyaran lasifika. Yana da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa, sai ya roƙe ta ta zo ta gwada. Mijinta Hezekiya, direba ne mai ɗauko madara daga Vom, bai hana ba. Ta yi waƙoƙi da dama, ita tana rerawa a ɗaki, 'yan fim suna motsa baki a kai. Amma guda ɗaya ce take ji har cikin ƙashinta, ta matar da ke jiran mijinta ya fito daga ramin kuza. Ba wanda ya rubuta mata ita. Karin na kakarta ne, wanda tsohuwar ke rerawa a bakin dutsen niƙa tun da rami ya rufta da maigidanta. Lai'atu ta ɗora masa kalmomin Hausa. Mai fim ɗin da aka sa waƙar a ciki ya biya ta ya sallame ta a ranar, ba takarda, ba shaida, sai amana.

Harka ta ja baya, masu fim suka watse, ta koma ɗinkinta ba tare da ƙorafi ba.

Wata Laraba da azahar tana yanka atamfa, rediyo na kunne, sai ta ji muryarta ta cika shago. Wani gidan rediyo mai zaman kansa a unguwar Rayfield ne ya buɗe sabon shirin waƙoƙin fina-finai, kuma da waƙarta yake buɗewa. Ta ajiye almakashi tana murmushi. Da waƙar ta ƙare, mai gabatarwa ya yi ta zuba yabo, ya ce jarumar fim ɗin ce ta tsara ta kuma ta rera da bakinta, irin baiwar da ba a samu sau biyu. Jarumar nan kuwa Lai'atu ta san ta sarai, sai da aka kwana uku ana koya mata inda za ta buɗe baki.

Matar da ta kawo ɗinki ta ga fuskarta ta canza, ta tambaye ta ko lafiya. Lai'atu ta ce muryarta ce. Matar ta kwashe da dariya, ta ce ashe telolin Rikkos sun iya barkwanci. Dariyar nan ta fi komai ƙona mata rai. Ta buga lambar shirin, tana fara bayani aka katse ta. Washegari ta rufe shago, ta hau keke napep sai Rayfield.

Bayan ta share awa biyu a benci, aka kai ta wurin Madam Gertrude, mai kula da izinin sa waƙoƙi. Mace ce mai natsuwa. Ta ɗauko fayil ta nuna mata cewa gidan bai yi sata ba, ya karɓi lasisi daga kamfanin mai fim ɗin, kuma duk shekara yana sabuntawa. A takardar, mai fim ne marubucin waƙa, jaruma ce mawaƙiya. Lai'atu ta bi layukan da yatsa har ƙasa, ba sunanta ko a gefe.

"Ki yi haƙuri, mu takarda muke bi," in ji Gertrude.

"Madam, takarda ce ta shiga ɗakin Kazeem ta yi waƙar, ko ni? Takarda ce kakanta ya mutu a rami?"

Gertrude ta ce in da shaida ta kawo.

Kazeem ya daɗe da sayar da kayan ɗakinsa, yanzu gyaran rediyo da talabijin yake a kusa da kasuwar Taminus. Da ya ji labari ransa ya ɓaci, domin shi ma da ya yi kiɗan ba a sa sunansa ba. Kwana huɗu yana tonon akwatuna kafin ya ci karo da wani tsohon faifai na ɗaukar farko, kafin a ɗora kiɗa. Tare suka koma Rayfield. Aka kunna a ofis. Muryar Lai'atu ce tsirararta, tana zuwa tsakiya ta karye da kuka, sai aka ji Kazeem yana cewa, "Lai'atu, sha ruwa, mu sake." Gertrude ta cire tabarau ta goge. A ranar ta rubuta wa mai fim ɗin.

Mutumin ya koma Abuja yana dillancin filaye. Bai ba da amsa a rubuce ba, Lai'atu ya kira kai tsaye. Bai musa cewa ita ta yi ba. Cewa ya yi ai ya biya, kuma wanda ya sayi akuya har da kukanta ya saya.

"Alhaji, ni ce akuyar?" ta tambaye shi. Ya ce karin magana ce kawai. Ta ce to ya riƙe karin maganarsa, ita sunanta take nema.

Bayan mako biyu shugabannin gidan rediyon suka yanke shawara. Ba su gyara kuskuren ba. Cire waƙar suka yi gaba ɗaya, wai sai masu rigima sun sasanta. Lai'atu ta roƙi a faɗi sunanta ko sau ɗaya ne a shirin, aka ce lauyansu ya hana. Wato a wurinsu gara gari ya daina jin waƙar da a ce ta tela ce. Mai gabatarwa kuwa ya sa wata waƙa ya ci gaba da harkarsa.

Gertrude ta biyo ta har bakin ƙofa, ta rubuta mata adireshin ƙungiyar da ke yi wa mawaƙa rajistar haƙƙinsu, ta kuma yi alkawarin tsaya mata shaida. Lai'atu ta je ta yi rajista. Daga nan ta shiga neman sauran matan da suka yi waƙa a ɗakin Kazeem. Ta samo huɗu: ɗaya na koyarwa a firamare, ɗaya na sayar da gwanjo, biyu na zaman gida. Dukansu haka aka yi musu. Yanzu duk Asabar suna haɗuwa a shagonta, kowacce na tuna waƙoƙinta, Kazeem na laluben faifansu.

Maganar tana nan gaban ƙungiya, wata na tara ke nan, mai fim ya ƙi zuwa zama har sau uku. Hezekiya ya gaji da ganin shago a rufe, ya ce ta bar wa Allah. Ta ce ta bar wa Allah tun tuni, amma ba ta ga inda Allahn ya ce ta zauna a gida ba. Ranar Litinin mai zuwa ma akwai wani zaman a ƙungiya, ta riga ta gaya wa masu ɗinki kada su zo kafin la'asar.