Kawu Isufu, Wanda Ya Auna Kaya Kafin Ya Sayi Mota

Ina buro, wurin aikina, bayan sallar azahar ranar Talata, Sani, babban ɗan Kawu Isufu, ya kira ni daga Gidan Rumji. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana huɗu ya yi yana fama da ciwon ƙirji.

Kawu Isufu yayan mahaifiyata ne. Rayuwarsa ta aiki duka a kan babur ya yi ta, yana bin rugage da ƙauyuka yana yi wa shanu da tumaki allurar rigakafi. Mutum ne mai auna magana da auna aiki. Bai taɓa huda dabba ba sai ya gaida mai ita ya tambayi lafiyar iyalinsa. Ya kan ce, "Wanda bai yarda da kai ba, saniyarsa ma ba za ta tsaya maka ba."

Wadda ta ɗauki nauyin wannan yawo ita ce matarsa, Inna Zali. Ya kan yi mako biyu bai kwana gida ba. Sunayen garuruwa take ji a bakinsa, Cadakori, Sae Sabuwa, rugar wane da rijiyar wane, ba ta taɓa ganinsu ba. Tun suna da ƙuruciya ya yi mata alkawarin in ya ajiye aiki zai kai ta ko'ina ya taka. Da ritayar ta zo, gwiwoyinta sun riga sun lalace. Da sanda take tsallaka tsakar gida, kuma kowace damina ciwon ƙaruwa yake.

Sai ya ce zai nemi rimok, ɗan ɗakin ƙarfe mai taya biyu da mota ke ja, ta samu inda za ta miƙe ƙafa ta yi salla ta huta. 'Ya'yansa suka taru za su saya masa mota mai ƙyalli. Ya hana su. "Ba a sayen jaki sai an ɗaga kaya," in ji shi.

Ya aro sikelin wani mai sayen hatsi ya kafa a tsakar gida. Ina wurin ya auna katifa, jarkokin ruwa, murhu, buta, har kujerar Inna mai jingina. Ita tana daga inuwa tana kallo.

"Malam, saura ni. Ko ni ma ɗora ni za ka yi kamar buhun wake?"

"Ke ai na san nauyinki, uwargida. Shekara nawa kina zaune a wuyana?"

"Wane wuya? Wanda kullum yana daji?"

Ya yi dariya, ya ci gaba da awonsa.

A Maradi wani dillali ya nuna masa babban rimok da aka shigo da shi daga waje, da gado biyu da wurin girki. Ya shiga ya kwanta ya tashi, na ga abin ya shiga ransa. Sai ya fito ya auna tsayin ƙofar daga ƙasa da sandarsa, ya ga ya kai masa gwiwa. Dillalin ya ce ai sai a ɗaga Hajiya a sa ta ciki. Kawu ya ce, "Da ƙafarta za ta shiga, ko a bar tafiyar." Ya ƙara da cewa nauyin wannan ɗaki zai binne kowace mota a rairayin gulbi.

Ya komo Gidan Rumji wurin wani mai walda, aka ƙera masa ƙarami, mai gado ɗaya da tagogi biyu. Sau uku ya sa aka yanke matakalar aka sake, har mai waldar ya ce, "Baba, matakalar masallaci ma ba ta sha wannan gwaji ba." A karo na huɗu Inna ta hau da kanta, ta zauna, ta ce iska na shiga.

Sai a lokacin ya nemi mota. Ya zaɓi tsohuwar katkat, motar shiga daji, wadda fentinta ya koɗe, don kowane makaniken kasuwar ƙauye ya san cikinta. Kafin ya amince da ita, ya loda buhunan gero daidai nauyin kayan da ya auna, ya ja su ta cikin rairayi ya dawo. Sani ya yi ƙorafin cewa mutane za su ce sun kasa yi wa ubansu abin kirki. Ya amsa, "Rairayi bai san sabuwar mota ba."

Muka ce ya bari sai sanyi ya wuce. Ya ƙi. Ya ce mini a keɓe, "Ƙafar nan tata ba za ta jira baɗi ba." Ana gama girbi suka tashi, suka yi kwana tara. A wata ruga gabas da Cadakori matan Fulani suka kewaye rimok ɗin suna kiran sunanta, ita da ba su taɓa gani ba, suka cika mata ƙwarya da kindirmo.

Ranar sadakar uku na durƙusa gabanta na yi mata gaisuwa. Ta dube ni ta ce, "Ya yi ta gaggawa saboda ƙafata, ashe shi ne ba ya da lokaci. Amma ya kai ni, ɗana. Duk inda ya ce, ya kai ni."

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isufu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Zali haƙuri da sauƙin ciwo, ka haɗa kan Sani da ƙannensa a kan kula da ita. Mu kuma, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.