Fatar da na cire daga gitar Haruna

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ta bazarar 1994 ba, kuma ba na jin zan manta da ita sai ranar da aka rufe ni. Ku da kuke gyaran salula a rumfar nan kuna yi mini dariya idan na hana ku zubar da ɗan tarkacen da kuka taras cikin kayan mutane, kuna cewa tsufa ne. To, ku aje abin da ke hannunku ku ji dalili.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya da buɗe rumfa a bakin kasuwar Madarumfa. Rediyo da manyeto, wato rakoda, su ne aikina, amma da yake ni kaɗai ne mai ƙarfen liƙi a garin, duk abin da ke da waya a ciki wurina yake ƙarewa. Haka na zama likitan kayan orkes ɗinmu na gari, wato ƙungiyar makaɗan zamani. Ga wanda bai sani ba, orkes yana da shef, shi ne mai karɓar gayyata da yanke hukunci, sai mai ganguna, da mai bas, gitar nan mai kaurin sauti, da mai riƙe kiɗa a baya. Gaba da su duka akwai solis, wanda gitarsa ke amsa wa mawaƙi. Mutane shi suke zuwa ji.

Solis ɗinsu Haruna ne. Gitarsa ba ta da tsawa. Murya gare ta mai kauri da ɗan dishi-dishi, ka ce mutum ne ya matso kusa yana gaya maka wata magana. A daminar 1992 jirgi ya kife da shi a tafki, za su biki a ƙetare. Gitar ta taso cikin ledar da ya naɗe ta, shi sai bayan kwana biyu aka same shi. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, ta tura gitar ƙarƙashin gadonta, ta ce kada kowa ya ƙara taɓa ta.

Ranar Litinin ta makon da nake ba ku labari, ƙanensa Sabi'u ya shigo rumfata da ita cikin buhu. Magidanci ne mai lambu, da matarsa da ɗiyarsa ɗaya, kuma a hannun wansa ya koyi kiɗa. Shekara biyu yana riƙe wurin Haruna da gitar aro.

"Malam Isufu," ya ce, "Shef ya ce hannu ina da shi, murya ce babu. Ran Asabar akwai biki garin Sarkin Yamma. In ban samo muryar Yaya ba, solis za shi ɗauko daga Maraɗi."

"Inna ta san ka ɗauko ta?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon buhun. Na gane.

Muryar gitar lantarki ba a katakon take ba sosai, tana cikin abin da muke kira mikoro, wannan ɗan akwatin ƙarfe da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya. Maganaɗisu ne da siririyar wayar tagulla da aka naɗa a bobin, wato ɗan kwarkwaro. Irin na Haruna mai bobin biyu ne, wanda 'yan Najeriya ke ce wa hambaka. An naɗe su ne ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, don gunjin kuran, wato wutar lantarki, da ɗayan ya ɗauko ɗayan ya haɗiye shi. Saboda haka hambaka mai lafiya shiru take yi idan ba a taɓa tsirkiya ba. Ku riƙe wannan.

Na gaya wa Sabi'u cewa mikoron da ya sha ruwan tafki ba abin dogaro ba ne, gara mu nemo wasu mu gwada. Shekarar nan aka karya darajar kuɗinmu sefa, kayan Faransa sun fi ƙarfin talaka, don haka wani direba ɗan garin Ɗan Issa ya kawo mana sabuwar hambaka daga Katsina. Ni kuma ina da wata tsohuwa da na cire daga karyayyar gita a Maraɗi. Ta Haruna ta zama ta uku.

Ranar Talata na buɗe ta Haruna don in wanke tsatsa. Na sa mita, allura ta motsa, bobin biyun duk da rai. Da na narke dalmar murfin na ɗaga shi, sai na ga wata 'yar fata baƙa, ba ta fi farcen babban yatsa ba, an ɗinke bakinta, an manne ta da kakin zuma tsakanin murfin da bobin. Na ce a raina, makaɗa ke nan, ba sa rabuwa da laya. Ni a lokacin mutumin mita ne, abin da allura ba ta nuna ba ban san da shi ba, har alfahari nake da haka. Na ɓamɓare ta da tsinken sukudireba, na jefa cikin gwangwanin madarar da nake tara kusoshi, na goge ciki tas, na mayar da murfi. Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba.

Ranar Laraba bayan azahar muka zauna gwaji, ni da Sabi'u da Shef Mamman. Ƙa'idar gwaji ita ce kada a canja komai sai mikoro. Tsirkiya ɗaya, ampili mai ƙara sauti ɗaya, maɓallai a wuri ɗaya, take ɗaya. Shef ya ja kujera ya juya mana baya yana fuskantar bango, ya ce ido yana yi wa kunne ƙarya, kada a gaya masa wadda aka sa.

Na fara da ta Katsina. Sabi'u ya ɗauko taken masunta, wanda Haruna ke buɗe wasa da shi. Ƙarfi kam akwai, sai dai kaifinta ya yi yawa, kamar ana yankan kwanon rufi.

"Wagga faɗa takai," in ji Shef. "Haruna bai faɗa da gita. Cire ta."

Na kwance, na liƙa tsohuwar Maraɗi. Ita kuma taushi gare ta, amma ba ka rarrabe tsirkiya da tsirkiya.

"Wagga da tuwo a baki take magana. Ta matso kaɗan, amma ba ita ba ce."

Sabi'u ya share zufa. Na ce masa ya kwantar da hankali, saura ɗaya. Na liƙa ta Haruna, na ɗaure tsirkiya, na miƙa masa, na murɗa ampili.

Bai kai ga taɓa tsirkiya ba gitar ta fara kuka.

Na san kukan ampili, na ji shi sau ɗari. Fito ne mai tsayi, miƙaƙƙe, da ka juya lasifika sai ya mutu. Wannan daga ƙasa ya faro, ya hau a hankali, ya karye, ya tsaya kamar mai jan numfashi, ya sake farowa. Na juya lasifikar ta kalli ƙofa, bai daina ba. Na ce kuran ne, na zare waya daga bango na haɗa ampilin da batirin mota. Bai canja ba. A ƙarƙashin kukan kuma akwai wani sauti ƙasa-ƙasa, ɓul, ɓul, irin na tulu idan an nutsa shi a ruwa. Rumfata da tafki akwai tafiya, kuma ko randa babu a ciki.

Mai shayin da ke gefena ya ɗauke butarsa ya bar wurin. Shef bai juyo ba, ina dai jinsa yana ta a'uziyya. Sabi'u ya kwantar da gitar a kan tabarma a hankali, ya ja da baya har ya jingina da bango. Ba mai taɓa ta, tana kwance tana yi.

Na kashe ampili. Na ce musu, da muryar da ni kaina ban yarda da ita ba, murfin ne ke rawa a kan bobin, abu ne sananne. Na buɗe, na cusa guntun kwali a gurbin fatar, na rufe, na kunna. Ta yi kuka. Na canja da robar tiyub. Ta yi kuka. Gwangwanin madarar yana gabana a kan tebur, na san abin da ke ciki, amma girman kai ya hana ni kai hannu. Ta yaya zan ce wa mutane Isufu mai mita ya koma ga laya?

"Malam Isufu, bari," in ji Sabi'u, idonsa ya yi ja. "Bai so. Yaya bai so in hau wurinshi. In maida ta inda na ɗauko."

Ya jawo buhun ke nan hasken ƙofa ya ragu. Inna Hajo ce tsaye, ba takalmi, hannuwanta fari fat da garin gero. Gidanta yana can bakin tafki, bayan lambuna, inda ko ranar da orkes ya kunna kayansa duka ba a ji. Ba ta yi sallama ba, ba ta dubi Sabi'u ba. Gitar ta duba, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Mi kunka cire mai?"

Ba wanda ya san na cire wani abu. Sabi'u ya juyo yana kallona, Shef ma sai a lokacin ya waiwayo.

"Inna, tsatsa kawai na..."

"Ina cikin tankaɗe na ji yaron nan yana kuka. Isufu, kai ma ɗa ne. Mi kac cire?"

Na zazzage gwangwanin a kan tebur. Kusoshi suka watse, 'yar fatar ta faɗo a tsakiyarsu. Ta ɗauka, ta hure ƙurar, ta riƙe ta a tafin hannu ta daɗe. Na ce mata ta yafe mini, na ɗauka layar wani malami ce.

"Ba malami," ta ce. "Ni na ɗinka. Shekara ukku ban yi mai magana ba don kiɗan nan. Ranar da yaz zo yad durƙusa, na yanki bakin majanyin da na goye shi, na ɗinke cikin fata, na ce ya sa inda muryar abin ke fita."

Ta miƙo mini. Na narka kakin zuma a murfin gwangwani, na manna ta daidai inda tabonta yake, na rufe, na liƙe. Na kunna ampili. Shiru. Irin shirun da na gaya muku hambaka mai lafiya take yi.

Sabi'u bai motsa ba. Gitar tana ƙasa, buhu yana hannunsa, yana jiran uwarsa ta ce a kai gida. Ni ma abin da nake jira ke nan. Shef ya sake juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Inna Hajo ta goge hannunta a zane, ta duƙa ta ɗauki gitar da kanta. Ta rungume ta a ƙirji, sai da na ƙirga numfashina ya fi goma. Daga nan ta miƙa wa Sabi'u.

"Majanyin nan ku biyu na goya da shi," ta ce. "Kaɗa in ji."

Ya kaɗa taken masunta. Muryar ta fito da kaurinta da dishi-dishinta, kusa da kunne. Bai kai rabi ba na ga kafaɗun Shef suna girgiza. Mutumin da ke zagin makaɗa kamar ya ci su, yana fuskantar bangon rumfata yana kuka. Da aka gama ya fyace hanci, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Asabar, ƙarfe huɗu. Kak ka makara." Inna ta fita kamar yadda ta shigo, ta ce garinta yana can kaji za su ci.

Yanzu zan gaya muku abin da na sani a matsayina na mai gyara. Fata mai kakin zuma tana riƙe murfi yadda kwali da roba ba sa yi. Daga baya na gwada a wasu mikoro da fatar dukawa, ta yi aiki. Wannan ina da bayaninsa. Ɓul-ɓul ɗin nan ba ni da bayaninsa. Yadda tsohuwa ta ji daga bayan lambuna, da yadda ta san an cire abu, shi ma ba ni da shi. Shekara talatin ina nema, kuma na daina jin kunyar cewa ban sani ba.

Sabi'u ya riƙe wurin wansa shekara tara, har orkes ɗin ya watse. Duk ƙarshen damina yakan kawo mini gitar in duba wayoyi, ina duba komai amma ban ƙara ɗaga murfin nan ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai gyara baƙo ne a cikin kayan mutane. Wanda ya kawo maka abu bai kawo maka labarinsa duka ba, wani lokacin shi ma bai sani ba. Idan kun buɗe bayan salula kun ga 'yar takarda a ninke, ko zare, ko hoton da ya koɗe, ku aje shi gefe a kan tsumma mai tsabta, in kun gama ku mayar da shi daidai inda kuka same shi. Wata uwa ce ta sa shi a wurin.