Famfon da Ya Dawo da Jika

Kowa a filin jirgin ya san Baba Mai Famfo. Gajere ne, ga sanƙo, ga wata tsohuwar jakar kayan aiki da ya ƙi rabuwa da ita duk da zif ɗinta ya mutu tun tuni. A ginin nan ya tsufa yana bin bututu, amma bai taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. In an tsokane shi sai ya ce shi aikinsa a ƙasa yake, wanda ya ga dama ya je ya yi ta shawagi.

Autarsa ce mai hawan jirgi. Aure ya kai ta nesa, ƙarfin mijin kuma bai wuce jirgin araha ba, irin wanda kujera kawai ake sayar maka, ko ruwan sha sai ka saya. Takan zo ganin gida da 'yarta, wata 'yar ƙiriniya da ba ta gama iya magana ba, wadda Baba ke kira Mutuniyar.

Wata komawa ce ta ɓata komai. A wurin bincike aka karɓe gorar ruwan Auta, don ba a wucewa da ruwa. Ta ce ba komai, za ta saya a ciki, sai ta tarar da shagon a rufe. Suka shiga jirgi, aka rufe ƙofa, jirgi ya ƙi tashi, ana ta ba su haƙuri cikin zafi. Ma'aikaciyar jirgin ta ce ba a sayar da komai sai an tashi. Da aka tashi kuma, kafin keken kayan sayarwarta ya iso kujerun baya ruwan ya ƙare. Yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe, daga baya ta yi laƙwas. Suna sauka asibiti suka wuce, aka yi mata ƙarin ruwa.

"Baba, wuni guda ba ta yi fitsari ba," in ji Auta a waya. "Nafkin ɗinta a bushe ƙamas. Ni kam na haƙura da zuwa sai ta yi wayo. Filin jirginmu na nan akwai famfon sha a ciki, naku ne babu."

Maganar nan ta soke shi. Shi ne mai famfon ginin kaf, kuma a gininsa ƙishi ya kama jikarsa. Ga kunya, ga tsoron kada Mutuniyar ta girma ba ta san fuskarsa ba.

Washegari ya tare manaja, ya ce a ba shi izini ya jawo ruwa zauren jiran jirgi. Manaja ya ce za a duba. To, Baba ya san "za a duba" tun kafin a haifi manajan. Ya riƙa ɓullo masa a bakin ofis, a matakala, a wurin ajiye motoci, kullum da gaisuwa har ƙasa, kullum da magana ɗaya. Ranar da manaja ya fito daga banɗaki ya gan shi tsaye yana murmushi, sai ya ɗaga hannu biyu.

"Baba, don girman Allah je ka yi, ka bar ni in sarara."

Ya yi kuwa. Ya jawo bututu, ya sa abin tace ruwa, ya zaɓi kan famfo mai dogon wuya yadda gora za ta shiga ƙarƙashinsa. Jami'an lafiya suka gwada ruwan suka ce garau yake. Baba ya goge famfon ya koma gefe yana jiran ya ga layi.

Shiru. Mutane na wucewa suna kallon famfon, hannu rabbana. Wata mata ce kaɗai ta tara tafin hannu tana ɗura wa ɗanta, rabin ruwan na bin rigarsa. Sannan Baba ya gane wautarsa. Tunanin masu famfo ya yi, wai in ruwa ya zubo aiki ya ƙare. Ashe gorunan duk suna can cikin durom a wurin bincike, masu su sun jefar da su ruwa da gora.

Ya nufi shugabar masu bincike, wata doguwar mata da ba a taɓa ganin haƙorinta ba.

"Ranki ya daɗe, ruwan ne aka hana ko gorar?"

"Ruwan ne, Baba."

"To me gorar ta yi muku?"

Ta dube shi, ta dubi durom ɗin, ta gyaɗa masa kai. Ya kafa ƙaramin sink na zubar da ruwa a gefen shingen binciken. Tun daga ranar, duk uwar da ta zo da yaro sai ta ji doguwar matar nan ta ce, fuska a ɗaure, "Zubar da ruwan a nan, riƙe gorarki, akwai famfo a gaba." Yanzu in ka je za ka ga layi, iyaye da goruna, yara na riƙe da zanensu.

Sai da ya yi ta lallashi kafin Auta ta yarda ta zo. Ranar komawarsu shi da kansa ya cika musu goruna, ya ɗaga Mutuniyar ta murɗa famfon, ta fesa masa ruwa a sanƙo. Jirgi ya tashi, ya koma bakin aiki, amma ko ƙaramin noti ya kasa ɗaurewa. Hannunsa na kan waya.

Da yamma ta yi ƙara.

"Baba, mutuniyarka ta ba ni kunya," in ji Auta. "Ta sha ruwan nan ta sha, nafkin ya cika ya tumbatsa. Ta jiƙa ni sharkaf, har kujerar mutane."

Baba ya zauna a kan jakar kayansa yana dariya, hawaye na bin kumatunsa.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Ki gaya mata ta ƙara. Yaushe za ku dawo?"