In Ka Tafi, Wa Zai Shiga Ruwa?

Na daɗe ina aikin ƙofofin ruwa a wata gonar noman rani da ke ƙasa da madatsar Goronyo. Ni ɗan masunta ne, saboda haka duk ranar da ciyawa ta toshe ƙofa, ni ake kira in nutse in fiddo ta. Albashina kuwa mai haƙuri ne. Inda na same shi nan yake zaune, ba ya motsi sai an nuna masa takardar kwas.

Kwas ɗin na wata uku ne a birni, kuma ba a ɗaukar wanda ya haura arba'in. Wani mai hikima ne ya tsara a riƙa yin sa da rani, daidai lokacin da albasa da tafarnuwa ke neman ruwa. To, wa ke da sarari da rani in ba wanda ba ya komai ba? Mai tsaron sito ya je. Mai rubuta sunayen ma'aikata ya je, ya dawo da tumbi da ƙarin mataki. Har wani da ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba ya dawo ƙwararre a kan sarrafa ruwa.

Duk shekara nakan shiga wurin shugabanmu, wani dattijo mai sanyin murya, ɗan gidan malamai.

"Ranka shi daɗe, bana hwa ina son a sa sunana."

"Mi kaka ma gaggawa? Da kai muka taƙama. In kat tahi, wa ka shiga ruwa?"

Sai in fito aljihuna cike da yabo. Na sha kai wa matata, ta ce ba ya dahuwa.

Da ya rage mini shekara biyu in cika arba'in, sai na yi dabara. Na jawo wani abokin aikinmu mai share magudana, magidanci daga Kagara, na koya masa nutso. Rani biyu ina nuna masa yadda ake riƙe numfashi, da laluben ƙofa da ƙafa, da gefen da ruwa ke jan mutum. Da ya iya, na kira shugaba ya gani da idonsa. Ya yi murna ƙwarai, har ya sa mini albarka.

Takardar masu zuwa kwas ta fito, sunan ɗalibina ne a ciki.

"Ai shi sabon hannu na," in ji dattijon. "In yat tahi, kana nan. In kat tahi, wa ka bar muna ƙohwa hannun sabo?"

Na ji zafin abin, har yau ina ji. Ɗalibina ya dawo da satifiket da mataki sama da nawa, aka ɗora shi a kaina, aka kuma ce mai satifiket ba ya nutso. Bai yi mako guda ba ƙofa ta toshe. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya kasa haɗa ido.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce a hankali.

Na ce ba komai, na shiga.