Shaidar Tela a Kan Abdulbaƙi Mai Shokzoba

Ranar Asabar, tara ga watan Agusta na 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Abdulbaƙi Ummaru, mai gyaran shokzobar babura a bakin hanyar boda nan Jibiya, ya rasu a ɗakinsa bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki. Daga Allah muka fito, kuma wurinSa kowa zai koma, har da masu dogon baki. An yi masa sutura bayan Azahar. Ni Badaruddeen tela, wanda bango ɗaya ya raba shagona da nasa shekara da shekaru, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, don haka na ga sahun da idona. Baƙon da ya mutu a tasha ma ana yi masa sahun da ya fi wannan.

Abdulbaƙi, da kai zan yi magana, domin masu rai sun daɗe da daina saurarona a kan zancenka. An binne ka ba wanda ya buɗe baki ya yi maka shaida. Kowa ya shafa addu'a ya sulale. Matarka Amatullahi ta shiga takaba, ni kuma na zauna a ƙofar gidanka ina kallon zaure, ban ga takalmin macen unguwa ko ƙafa ɗaya ba, in ban da na 'yan'uwanta da suka taho daga Maraɗi. A wannan gidan za ta yi takabarta har ta fita, a tsakiyar mutanen da ke kiran mijinta infoman ɓarayin daji. Sunanka shi ne babban abin da ka bar mata, kuma an ɓata shi. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami.

Duk abin ya faro ne daga wata 'yar mota. Wani direban kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya tsinto maka ita cikin kayan gwanjo a Maraɗi, 'yar motar tsere ce ta rimot, irin wadda ake ƙerawa don gudu inda babu kwalta. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, tayoyinta a waje, ƙafa ɗaya ta baya a karye. Na ga furfura a gemunka, na ga yadda ka rungume ta, na ce: “Malam, ko dai ƙuruciyar da ba ka yi ba ce ta biyo ka?” Ka yi dariya ka ce in jira ta tashi tukuna.

Ba gudunta ne ya dame ka ba, zamanta a ƙasa ne. Kowace ƙafa tana da 'yar shokzobarta, ba ta fi ɗan yatsa ba, da mai a cikinta, da sifirin a nannaɗe a jikinta. Sai ka ɗaga motar kamu ɗaya daga ƙasa, ka saki, ka kasa kunne. In ta yi tsalle, man ya yi ruwa. In ta sauka a sandare kamar an yar da bulo, man ya yi kauri. In cikinta ya bugi ƙasa, sai ka murɗa zoben da ke kan sifirin ka ɗaga ta kaɗan. Abin da kake nema shi ne ta sauka, ta lotsa, ta dawo daidai, shiru. Man da ake zuba mata na musamman ne, wani mai kauri wani mai ruwa, a 'yan kwalabe direban nan yake kawo maka. Da ya taɓa yankewa ka ari man keken ɗinkina, motar ta yi ta tsalle a shago har ta shige ƙarƙashin benci, ka dawo mini da sauran ka ce in riƙe abina.

Ina tuna yadda kake cika shokzoba da mai, ka jingine ta, ka zauna kana jiran kumfar iska ta gama tasowa. Kana iya leƙowa ka ce in dakata da taka keke, wai girgizar tana ratso bango. Kuma ba ka taɓa sauya abu biyu a lokaci ɗaya ba. In ka sauya mai, ba ka taɓa sifirin sai ka gwada, don ka san wanda ya gyara da wanda ya ɓata. Da mutanen garin nan sun ɗauki wannan hali naka wajen yanke wa mutum hukunci, da ban zauna ina wannan rubutu ba.

Abin da ka koya a jikinta kuwa a baburan mutane ya ƙare. 'Yan kabu-kabu kowa so yake a ɗaure masa shokzoba tamau don ya ɗora buhu uku, kai kuwa sai ka tambayi mutum wa yake ɗauka, wace hanya yake bi. Mai ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya daga ƙauye ka sassauta masa, ko da bai nema ba. Sau nawa na ji kana faɗa da yaro a kan cewa ƙugun uwarsa ba buhun masara ba ne.

Shago ba ya isar gwaji, sai ka samo wata tsohuwar gona a bayan gari wajen hanyar Daddara, mai kunyoyi da yashi da 'yar kwana. Can kake zuwa da La'asar. Kana bukatar alamar inda motar ke barin ƙasa da inda take sauka, domin in baya ya yi tauri takan yi harbi kamar jaki ta faɗi kan hanci. Ka shigo shagona ka tsinci ƙyallaye a ƙasa, ka zaɓi ja don ana hango shi daga nesa, ka ɗaura a tsinken kara ka kakkafa. Jan yadin nan ragowar ankon bikin 'yar Ɗantala ne, mai sayar da fetur a galan a tsallaken titinmu. Ni na yanka shi, ni na ɗinka wa rabin matan unguwa.

Sai aka kore wasu shanu ta wannan yankin. Masu bin sawu suka iske karare a jere da jan ƙyalle. Kafin a yi sallar Magariba zance ya gama gari. Wai alama kake kafa wa mutanen daji. Rimot mai eriya ya zama oba-oba ta kiran ɓarayi, kwalaben mai suka zama maganin da ake kai musu, gyaran babura ya zama shaida ta uku, tunda su ma babura suke hawa. Ba na ganin laifin tsoro, garin nan ya ga abin da ya gani, kuma akwai waɗanda suka ci amana da gaske. Amma wanda ya fara haɗa sunanka da ƙyallen a majalisa Ɗantala ne, a daidai lokacin da aka fara tambayar ina galan-galan ɗinsa ke zuwa. Ban ce na san wani abu a kansa ba. Zargi nake yi, kuma na ga abin da zargi ya yi maka, don haka a nan zan tsaya.

'Yan sintiri suka tafi da kai da motar. Suka kwance shokzobar duka huɗu, suka tsiyaye man a ƙasa suna shinshinawa, ba su sami komai ba, suka sake ka. Na je wurin mai unguwa na ce ƙyallen daga shagona ya fito, na faɗa a ƙofar masallaci, aka ce aboki ne ke rufa wa abokinsa asiri, har ni ma ɗinki ya fara ja baya. Kai kuwa shagonka ya koma kango. Mutumin da ka gyara wa babur jiya, yau ya hango ka sai ya tsallaka titi. Ka dawo da motar a leda, gunduwa-gunduwa, ka zauna kana haɗa ta, ba ka zagi kowa ba. Na so ka zage su, wallahi na so, da wataƙila jinin bai hau maka haka ba. Likita ya ce hawan jini ne, ni kuwa na san abin da ya hau da shi.

Da hannunka na hagu ya mutu, ni na zama hannunka. Kana kwance kana ba da umarni, ni da ban san komai ba sai allura ina murɗa noti. A zamanmu na ƙarshe ka ce in ɗaga ta in saki. Ka rufe ido ka saurara, ka ce da harshen da ya yi nauyi: “Baya ya yi tauri, Badaru. Sa mishi mai ruwa kaɗan, amma kar ka taɓa gaba.” Na sauya man washegari, na jira kumfar ta fita yadda ka koya mini. Kafin in kawo maka ka ji, aka aiko mini ka cika.

Ranar addu'ar uku mutane suka zo fiye da ranar jana'iza, kuma ban yarda da zuwan ba. Na ga idanu suna yawo a bangon gidan, na ga masu leƙen zaure, kamar ana jiran a fito da bindiga daga ƙarƙashin gado. Ɗantala yana sahun gaba da carbi. Da liman ya shafa, aka fara raba gumba, sai na tashi na ɗauko buhuna. Na kafa karare da jan ƙyalle a ƙofar gidan, ɗaya kafin tudun da ruwan sama ya bari, ɗaya bayansa. Na ajiye motar, na miƙa wa Ɗantala rimot.

“Ga oba-obar nan, Ɗantala. Kira su mu ji.”

“Haba Malam Badaru, wurin makoki hwa muke.”

“Shi ya sa. Danna nan.”

Idon jama'a yana kansa, ba yadda zai yi, ya danna. Motar ta zabura, ta hau tudun daidai kara na farko, ta tashi sama, ta sauka daidai na biyu, ta lotsa, ta miƙe ta tafi har gefen tabarmar liman. Wani tsoho ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya toshe baki. Na ce musu aikin ƙyallen ke nan, nan take tashi, nan take sauka. Sannan na zaro ragowar yadin daga buhu na ware shi, na tambayi Ɗantala ko ya san shi. Ai duk magidancin da ke wurin ya taɓa ganin wannan yadin a shanye kan igiyar gidansa.

Har na fara tunanin na yi aikin banza. Sai Mudathir, ɗan kabu-kabu daga Riko, ya miƙe. Ya ce: “Ni ma na bar kai mishi mashin, tsoro nika ji. Amma da ya ji matata ta kusa haihuwa, shi ya kira ni da kanshi ya sassauta mini ƙahwar baya, ya ce hanyarmu ba ta da kyau. Da mashin ɗin na kawo ta asibiti tana naƙuda. Ban taɓa ganin sharri gare shi ba. Na shaida.” Wani ya ce shi ma ya shaida, sai wani. Liman ya ɗaga hannu ya ce a sake addu'a, aka sake, amin ɗin ta fi ta farko ƙarfi. Wasu dai na lura leɓe kawai suka motsa, kuma na riƙe fuskokinsu.

Washegari da safe na iske takalman mata a bakin zaure, har sai da na tsallaka. Na gane na Bilki, matar Ɗantala, a cikinsu, raina ya ɓaci. Na yi sallama daga bayan labule na ce wa Amatullahi ina jin wannan kallo ya kawo ta, ba gaisuwa ba. Ta ce: “A bar ta ta zauna, Malam. In kallo ne ta kalla da kyau, ta tahi ta hwaɗi abin da ta gani.” Ashe ta sa an ɗora motar a kan kabad, inda duk wadda ta shigo da ita za ta fara cin karo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Amatullahi, da 'yan'uwanka na Jibiya da na Maraɗi, da 'yan kabu-kabun da za su ji rashinka a ƙugunsu kafin damina ta wuce. Allah Ya ba su haƙuri, Ya fitar da ita takaba lafiya cikin mutane. Allah Ya gafarta maka, Ya yi maka rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha da maganar da ka haɗiye su zama kaffara. Waɗanda suka yi maka ƙazafi, Allah Ya ba su ikon neman gafara tun suna numfashi, ni kuma Ya cire mini abin da ke zuciyata a kansu, domin har yau yana nan.

Saƙo ɗaya ya rage da ban isar maka ba. Na sauya man baya, ban taɓa gaba ba. Na ɗaga ta kamu ɗaya na saki, ta sauka, ta lotsa, ta zauna shiru. Allah Ya sa ƙasa ta karɓe ka da irin wannan sauƙin, Abdulbaƙi. Amin.