Gyaɗar da Gwaggo ta tuɓe wa riga

Shekarar da Nasara suka kwashi Baba aikin hanya, damina ta riske mu a Kwaya ba namiji a gida. Inna na jego, ba ta fita. Irin gyaɗarmu ƙwarya guda ne tak, wanda Baba ya ɓare da hannunsa ya rataya a ɗaki. In ya lalace, babu wani.

Sai Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Magariya taya mu. Matar ɗan kasuwa ce, fartanya ba ta taɓa yi mata kanta a hannu ba. Ta dubi irin ta taɓe baki.

"Wannan jar fatar ai ita ke hana shi fitowa da wuri. Ku mutanen ƙauye kun fiye son wahala."

Ta jiƙa shi, ta murje tas kamar waken ƙosai, ya fito fari sol, wani ma ya rabe biyu. Inna na bayan ɗaki wurin wankan jego, ba ta gani ba. Muka shuka.

Gonakin maƙwabta suka yi kore, tamu shiru. Gwaggo ta ce in tona mu gani. Na sa yatsa a rami, sai na ji abu ya fashe, lugub, da yauƙi kamar majina. Farar tsutsa na motsi a ciki. Warin kuwa, subhanallahi, kamar ƙwan da kaza ta guje wa. Na goga hannuna a ƙasa, na goga a zane, bai fita ba. Nan na amayar da furar safe.

Na kai wa Inna ruɓaɓɓen irin a ganye, na faɗa mata yadda aka murje shi. Ta kawar da kai, ta janye jaririn daga wurin, ta dubi Gwaggo.

"Yaya, wa ke raba ɗa da mahaifa tun bai isa ba?"

"To ni na sani? Taimako na yi!"

"Allah ya ba da lada," in ji Inna.

Daga baya a lakwal, wato makaranta, mushe malaminmu ya koya mana cewa fatar nan ta jikin uwar ce, ta nan ɗan ke shan abinci yana cikin kwanso, ita ke tsare shi in ya shiga ƙasa.

Ranar da Inna ta yi arba'in ta goya jaririn, ta bi gida gida roƙon iri. Gyaɗa kowa ya riga ya binne tasa. Wake aka ba ta, tafi biyu, shi muka zuba a ramukan muna toshe hanci. Baba ya dawo da kaka, ya tsaya bakin gona ya daɗe yana kallon wake a gurbin gyaɗarsa.